Manifol Mai Ƙyalli da Garar Bushira

Duk wanda ya taɓa zama a Dubantu cikin garin Haɗeja ya san Ya'u ɗan Zinariya. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don katanga ba ta tare ta. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ba wanda ya yanka masa rago. Makarantarsa kuwa wayar hannunsa ce. Sai ya kwanta rigingine a zaure yana kallon Turawa suna kwance mota suna ɗaurawa, in ya tashi ya yi miƙa ya ce shi ma ya gama wannan ajin.

Abin da ubansa ya rasu ya bar musu na ƙarfe guda ne: wata tsohuwar akori-kura da ta ƙare ƙuruciyarta wajen jigilar bandar kifi daga ƙauyukan bakin ruwa. Har yau in rana ta dake ta ƙarnin tarwaɗa take yi. Tafiya kuwa, mai keke kan wuce ta ya waiwayo ya yi mata sannu.

Uwarsa Zinariya mace ce mai fargaba. In ɗan maƙwabta ya yi tari a ƙirjinta take jin shi. In hadari ya haɗo sai ta tuna da duk wanda ya fita bai dawo ba, har da waɗanda ba ta sani ba. Amma tana da ciwon nan namu na iyaye mata: da an taɓo maganar ɗanta a cikin taro, sai fargabar ta koma gefe ta zauna, baki ya karɓi aiki. Ko sunansa ba ta kamawa, ɗan fari ne, "yaron nan" take cewa. Sai dai "yaron nan" ɗin ya fi salati yawan fita daga bakinta.

Bakin nan ne ya jawo komai. Ranar yinin bikin Bushira, ƙanwar Ya'u da aka aurar Guri, wata daga dangin ango ta gyara zaman gwaggwaronta ta ce, "To Hajiya, garar a motar haya za ta zo, ko mu aiko da tamu ta ɗauka?"

Zinariya ta ji maganar har tafin ƙafarta. Ta ce, "Haya? Allah ya sawwaƙe. Muna da mota a gida. Yaron nan ya sa mata sabon inji, mai turbo."

"Mai me?"

"Za ku gani."

Ita ma ba ta san mene ne ba. A lokacin da take wannan magana, injin yana zaure a kan tsohuwar taya, kaza ta fara saƙa a gefensa. Ya'u ya sayo shi ne a Kano, na wata mota da ta yi hatsari, kuma tun da ya zo ba abin da ya yi sai hana mutane wucewa.

Da baƙi suka watse ta same shi ta ce, "Kai yaron nan, wai mene ne turbon nan da na faɗa wa mutane?"

Ya'u ya tashi zaune. "Inna, wani katantanwa ne na ƙarfe. Hayaƙin da inji yake zubarwa a banza shi ke juya shi, shi kuma ya hura wa injin iska, sai ƙarfi ya ninka. Daga nan zuwa Guri, kafin ki gama ɗaura ɗankwali mun isa."

"Ni dai kar a kashe kowa."

"Abu ɗaya ya rage. Manifol."

"Shi kuma wane ne?"

"Ƙarfe ne mai rassa, shi ke tattaro hayaƙin daga jikin inji ya miƙa wa turbo. In babu shi, kamar an dafa tuwo ne ba a samu mara ba."

Washegari sai ga shi da baro, ya turo guda biyu daga rumfar Modu mai walda, wani Babarbare da ke bakin tasha, wanda bai taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ba. Ya'u ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jera su kamar kayan lefe. Gwaggonsa Asabe, ƙanwar marigayin, tana nan ta zo taya aikin gara, wato tana zaune kusa da kwanon alkaki tana duba ko zuma ta kama.

Na farko baƙi ne, gajere, mai kauri, duk tsatsa. Na biyu fari ne tas, bututunsa sun nannaɗe juna kamar hanjin rago, in ka leƙa sai ka ga fuskarka.

"Wannan baƙin ƙarfen zubi ne," in ji Ya'u. "Ramukan notinsa sun yi daidai da injin. Wannan kuma na 'yan tsere ne. Nasa ramukan sun kusa daidai."

"Kusa?" in ji Asabe, bakinta cike.

"Modu ya ce tsakanin kusa da daidai walda ce kawai."

Zinariya ta sunkuya ta yi yunƙurin ɗaga baƙin, bayanta ya amsa. Ta ce, "Wannan ai murhu ne." Ta ƙwanƙwasa shi da zobenta yadda take gwada tukunya a kasuwa, ya ce ɗif. Ta ƙwanƙwasa farin, ya yi mata waƙa kamar sabuwar tasa. Nan take zuciyarta ta kwanta.

"Wa zai je gidan surukai da wancan baƙin abu? A sa mai ƙyallin."

Asabe ta ce, "Yaya, wa zai leƙa cikin mota ya ga hanjinta?"

"Ba ki san mutanen Guri ba. Ranar jere har ƙarƙashin gado suka leƙa, ke kika ba ni labari."

Ya'u ya tafa hannu. "Wallahi shi na zaɓa tun a rumfa, gwada ki nake. Ashe a wurinki na gado injiniyancin!"

Zinariya ta ce ya rufe mata baki, amma da ta koma madafa an ji tana 'yar waƙa.

Aka tura motar rumfar Modu, aka ɗora mata sabon injin, aka zo kan manifol. Noti uku suka shiga, sauran suka tsaya suna kallon ramukansu daga nesa. Modu ya sa tabarau ya cike tsakani da walda, inda walda ta ƙi ya ɗaure da waya. Da aka ɗora turbo sai ya zauna can sama kamar mai jiran a ɗauke shi hoto, bonet ya ƙi rufuwa. Ya'u ya ce wannan ƙaramin abu ne, a yanka masa taga. Ya auna da taƙi, Modu ya yanka, aka rufe, sai ga tagar a hagu, turbo a dama.

"Injiniya, ka auna kuwa?" in ji Modu.

"Na auna. Ta ciki na auna, kai ka yanka ta waje."

Aka yanka ta biyu. Ta farkon Ya'u ya ce dama ta shan iska ce, duk motocin tsere suna da ita. Tsohuwar salansa kuma ta ƙi haɗuwa da sabon bututu, sai ya jefar da ita gefe ya ce ita ce ma take shaƙe motar tun zamanin Baba. Modu ya samo guntun bututun rijiyar burtsatse ya jona, ya bi da shi ta ƙarƙashin mazaunin gaba, ya ƙare daidai tsakiyar bodi, wurin da ake ɗora kaya. A nan bututun ya ƙare, a nan aikin ya ƙare.

Ranar da aka tayar da motar a ƙofar gida, bayan matasan layi sun tura ta har sun gaji, ta yi wata ƙara da ta sa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya ta shiga masallaci. Agwagi suka tashi sama, abin da ba su taɓa yi ba. Malam Haruna na jikin katangarsu ya fito da buta a hannu, alwalarsa rabi.

"Ya'u! Yaƙi ake?"

"Gwaji ne, Baba!"

"Me?"

"GWAJI!"

"To in kun gama ka zo ka ɗaga min rufin bayan gida, ya faɗo!"

Zinariya tana bayan ƙyaure, hannu ɗaya a ƙirji, tana ta Innalillahi. Amma da ta leƙo ta ga farin ƙarfen nan yana walƙiya ta tagar bonet, yara sun zagaye shi, sai ta ce wa matar Malam Haruna ta kan katanga, "Ai haka masu ƙarfin suke. Ba sa magana a hankali."

Ranar kai gara aka fito da kaya: shinkafa 'yar gida buhu-buhu, gero, katan ɗin taliya, jarkar manja, dubulan, alkakin da ya tsira daga Asabe, babban bokitin man shanu da aka kawo daga rugar dangin uwar Zinariya, da nakiyar da Zinariya ta daka da hannunta har kafaɗarta ta riƙe. Matan da za su yi rakiya suka zo da kwalliyarsu, Ya'u ya taka totur sau ɗaya don ya yi musu maraba, suka dubi juna suka ce su a motar haya za su bi, a haɗu a can. Asabe kaɗai ta tsaya, don ita ce shugabar tafiya, kuma alkakin yana wannan motar.

Sai ga Zinariya ta fito da hijabi.

Asabe ta ce, "Ina zuwa?"

"Raka ku zan yi."

"Yaya! Uwar amarya a kai gara? A ina aka taɓa yi? Ki je gidan surukinki ido da ido, ko wata ba a yi da biki ba? Wallahi har jikokinki sai an yi musu gori."

Zinariya ta san haka sarai. Tun da Sa'idu ya fara neman Bushira ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba. In ya shigo gaisuwa ta bayan labule take amsawa, shi ma yana tsugune yana gaida labulen. Amma daren jiya ta yi mafarkin nakiyarta a cikin kwata.

"Ba shiga garin zan yi ba. Ku sauke ni a gindin wata bishiya kafin a shiga, in zauna in jira ku. Ni dai in ga kayan sun isa. Ba wanda zai san na zo."

Suka matsu su uku a gaba. Aka tura, ta tashi.

Gaskiya a faɗe ta, da farko motar ta yi gudu. Da suka bar gari Ya'u ya ba ta wuta, turbo ya yi wani fito, bishiyoyi suka fara wucewa a guje. Zinariya ta riƙe cinyar Asabe da hannu biyu tana karanta duk abin da ta haddace tun makarantar allo. Sai ga motar hayar matan a gaba. Ya'u ya fizge ta kamar tana tsaye, ya fito da hannu yana ɗaga musu. Zinariya ta buɗe ido ɗaya ta ga fuskokinsu ta gilashi, bakuna a sake. Ta ce, "Yi a hankali, yaron nan," amma a hankali ta faɗa, yadda ba zai ji ba.

Ba a jima ba ta ji ƙafarta tana ɗumi. Ɗumin ya koma zafi. Ta yi niyyar ɗaga ƙafa, ƙafar ta ɗago, silifas ya zauna.

"Takalmina ya narke!"

"Alamar inji yana aiki ne, Inna."

"Nawa ma ya kama," in ji Asabe. "Ya'u, mota ce wannan ko tanda?"

Can gaba, inda hanya ta sauka cikin fadama, ruwan damina bai gama janyewa ba, ya kwanta a kan hanya ya kai gwiwa. Wasu masunta suna gefe suna gyaran koma, suka ɗaga hannu ya rage gudu. Ya'u ya ɗauka gaisuwa ce, ya amsa musu da hon, ya faɗa ruwan da ƙarfinsa. Ruwa ya yi tsalle ya shiga ta tagar shan iska ya sauka a kan manifol ɗin da ya riga ya yi ja. Aka ji ƙas! kamar an fasa tulu. Tururi ya rufe gilashi. Motar ta ja jiki ta fita daga ruwan, ta yi tari, ta mutu.

Ya'u ya ɗaga bonet. Farin ƙarfen ya koma ruwan bula da baƙi-baƙi, kuma ya tsage daga wuya har ciki.

Wani dattijo cikin masuntan ya leƙa ya ce, "Yaro, wannan ƙahon busa ne?"

"Baba, ba za ka gane ba. Sabon ƙarfe sai ya buɗe tukuna ya zauna."

"Ya buɗe kam."

Zinariya ta sauko ba takalmi, ta leƙa, hawaye ya kawo. Ta ga garar Bushira ta kwana a fadama, ta ga matar nan mai gwaggwaro tana cewa "ina mai turbon?" Sai dabara ta zo mata, kuma da ma ba ta zo ba.

"In murhun banda ya tsage, ba da laka ake liƙe shi ba? Ubanku haka yake yi."

Ya'u ya dube ta kamar ya ga malaminsa. "Inna! Abin da Turawa suke yi ke nan, sai dai su tasu lakar a gwangwani take zuwa."

Aka kwaɓa lakar bakin ruwa da busasshiyar ciyawar kachala da ɗan kashin shanu don ta yi danƙo. Ya'u ya dama, Zinariya ta shafe da hannunta, ta lailaye shi sumul kamar tana yaɓen ɗaki. Suna cikin haka motar haya ta iso, ta bi gefe a hankali ta haye ruwan. Zinariya ta faɗa bayan taya ta ja hijabi ta rufe fuska. Wata daga ciki ta leƙo ta ce, "Asabe, mu ce musu kuna tafe yau, ko sai an ga wata?"

Masunta suka tura, Asabe ta tura, uwar amarya ma ta tura. Sai da aka kai ta kusan bakin wata gonar shinkafa kafin ta kama, tsuntsayen gonar suka tashi gaba ɗaya, mai gonar ya ɗaga hannu yana godiya. Ya'u ya leƙo ya yi ihu, "Ku hau tana tafiya! In ta sake mutuwa sai dai a binne ta a nan!"

Gaba ya cika da hayaƙi, don haka matan biyu suka kama bodi suka haye baya, suka zube a kan buhuna. Gudu ya ƙare. Yanzu tafiya take irin ta da, sai dai da ƙarar da ta ninka, ga warin kashin shanu yana gasuwa.

Sai wani ƙamshi ya taso ya danne warin. Asabe ta shaƙa ta ce, "Wa ke suya a dajin nan?"

Zinariya ta taɓa ƙasan bodi ta janye hannu da sauri. Bututun Modu a nan ƙarƙashinsu yake huci. Ta ɗaga murfin bokitin man shanu. Babu man shanu, sai ruwa rawaya yana ƙyalli, gindin robar ya yi laushi ya ɓule, man yana bin ƙasan buhuna yana ɗiga ta ramukan tsatsa, yana sauka a kan bututu yana cuwww. Ta waiwaya baya. Karnuka uku suna biye da su, wani na huɗu yana tahowa ta cikin gona.

"Ya'u!" Sunan ya fita daga bakinta ba ta sani ba. Asabe ta ajiye alkakin da ke hannunta, don tun da aka haife shi ba ta taɓa jin haka ba.

Bai ji ba. Ga rufin kwanon Guri sun fara bayyana. Ga bishiya, ga inuwa mai kyau. Zinariya ta dinga dukan rufin motar da tafin hannu.

"Tsaya! Nan zan sauka!"

Ya leƙo da kai. "In na tsaya ta mutu, Inna!"

"To rage gudu in dira!"

"In na rage ma ta mutu!"

Bishiya ta wuce. Wata ma ta wuce. Yara sun fara fitowa daga lunguna suna bin motar tare da karnukan. Zinariya ta duba hagu ta duba dama, ba wurin ɓuya. Sai idonta ya faɗa kan wani ƙaton buhu da babu komai ciki, irin wanda ake zuba busasshen barkono, wanda Ya'u yake shimfiɗawa in zai shiga ƙarƙashin mota. Duk baƙin mai ne.

"Asabe, riƙe min bakinsa."

"Yaya, kin haukace?"

"Riƙe! In an kwashe kaya ki ce wannan na komawa ne."

Ta shiga ta tsuguna ta dunƙule, Asabe ta tattara bakin a saman kanta ta ɗaure da igiya, tana dariya har igiyar tana suɓuce mata.

Ƙofar gidan su Sa'idu ta cika maƙil, don tun motar tana bayan gari aka ji ta. Matan motar haya sun riga sun sha ruwa sun huta, suna zaure suna leƙe. Ango yana tsaye da abokansa cikin farar shadda. Ya'u ya ga taro, kansa ya kumbura. Maimakon ya kashe mota ya sauko kamar mutum, sai ya ce bari ya nuna musu abin da ake kira turbo. Ya taka totur har ƙasa.

Lakar da ta gasu ta bushe ta tashi dam! Gutsattsarinta suka fito ta tagogin bonet biyu suka watsu a kan jama'a. Wani tsoho ya kwanta a ƙasa. A lokaci guda man shanun da ya jiƙe bututu ya kama, harshen wuta ya leƙo ta ƙarƙashin bodi.

"Wuta! A kwashe kaya!"

Maza suka yi kan motar. Wannan ya ɗauki taliya, wancan ya rungumi jarka. Asabe tana cewa "wannan na komawa ne, wannan na komawa ne," ba mai jin ta. Sa'idu, da yake ango ne kuma yana so a ga ƙoƙarinsa, ya zaɓi buhun da ya fi kowanne girma, ya ce bismillah, ya saɓa shi a kafaɗa.

"Gwaggo, me aka zuba a nan? Ba ya zama wuri ɗaya."

Asabe ta ce, "Kai dai riƙe da daraja."

Abin da Zinariya ta ji a cikin buhun nan, kanta a ƙasa, cikinta a kan kafaɗar mutumin da ko idonsa ba ta taɓa kallo ba, sai wadda ta haifi 'ya mace za ta gane. Ta yi tunanin ta yi magana. Ta yi tunanin ta mutu. Ta ga mutuwar ba a hannunta take ba, maganar kuma ta fi mutuwar muni, sai ta zaɓi ta ci gaba da zama buhu. Ya ratsa zaure da ita, ya ratsa mata masu guɗa, ya dire ta a tsakar gida tsakanin gero da shinkafa, har ya ɗan daddaɓa ta da gwiwa don ta tsaya daidai.

A waje aka kashe wuta da ƙasa da ruwan randa. Ana jiyo muryar Ya'u yana gaya wa mutane cewa duk sabon inji sai ya yi wannan sau ɗaya, ana kiransa gwajin zafi.

Mata suka zagaye kaya, Hajiya Umma uwar ango ta zauna a kujera 'yar tsugune, aka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba. Bushira tana bakin ƙofar ɗakinta, lulluɓe, tana leƙe. Aka buɗe shinkafa, ta sha man shanu har tana ƙyalli.

"Ikon Allah," in ji mai gwaggwaron nan ta ranar yini. "Mutanen Haɗeja sun ci gaba. Da mai suke aiko ta, sai dai a zuba ruwa."

Aka ɗaga bokitin man, aka hango sama ta gindinsa. Aka buɗe nakiya, ta narke ta haɗe ta zama dunƙule guda, an juye ta ta fito da siffar roba ta tsaya da kanta. Wata ta gutsura ta ɗanɗana ta ce da daɗi, sai dai akwai ɗan ɗanɗanon tasha. Zinariya tana jin komai. Hawaye yana zuba, ga zafi, ga ragowar garin barkono da ke saƙar buhun ya fara tashi yana neman hancinta.

"Saura wancan babban," in ji Hajiya Umma.

Asabe ta yi tsalle ta tsaya a gabansa. "Wannan na komawa ne, Hajiya. Kuskure aka yi."

"Abin da ya shigo gidan nan a kafaɗar ango ai ya shigo. Ko kin ɓoye wa kanki ne, Asabe?" Mata suka kwashe da dariya, don labarin Asabe ya riga ta zuwa Guri. Wata ta ja igiyar, ƙullin ya ƙara tamkewa. Hajiya Umma ta ɗaga murya, "Sa'idu! Zo ka kwance mana wannan, kai ka kawo shi."

Ya shigo yana sunkuyar da kai saboda mata, ya durƙusa a gaban buhun, ya sa haƙori a ƙullin.

Zinariya ta toshe hanci. Ta cije leɓe. Ta roƙi Allah da sunayen da ta sani da waɗanda take jin malamai suna faɗa. Barkono bai saurara ba.

"Atsssha!"

Buhu ya girgiza. Tsakar gida ta yi tsit, har tafasar tukunya ana ji. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila a ce kyanwa ce. Amma abin da bakin mutum ya saba da shi tun yarinta ba ya neman izini. Daga cikin buhun, a sanyaye, wata murya ta ce:

"Alhamdulillahi."

Bushira ta yaye lulluɓi. "Inna?!"

Sa'idu ya saki igiyar daga bakinsa. Ya dubi buhun, ya dubi kafaɗarsa da ta yi baƙi da mai, ya dubi gwiwar da ya daddaɓa da ita. Bai bi ta zaure ba. Ta kan katangar bayan gida ya fita, da shaddarsa da komai, ya bar takalmi ɗaya a gindin turmi.

Hajiya Umma ta tashi da kanta. Ta ce, "Yarhamukillah," ta ƙarasa kwance ƙullin, ta zame buhun ƙasa. Zinariya ta miƙe a hankali, ƙafa ba takalmi, hannuwa duk busasshiyar laka, fuska rabi baƙin mai rabi hawaye, hanci ja wur. Asabe ta riga ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Sauran matan kowa ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗu suna rawa.

"Mun ga gara iri-iri a gidan nan," in ji Hajiya Umma, tana ƙoƙarin daidaita fuska, "amma yau aka fara haɗo mana da mai garar. A kawo tabarma. A kawo ruwa. Sannu da zuwa, Hajiya. Ya hanya?"

Zinariya ta ɗaga ido. Ta cikin zaure tana hango motar tana hayaƙi, an watsa mata ƙasa, karnuka suna lasar ƙarƙashinta, Ya'u yana tsaye a kan taya yana nuna wa jama'a tsagaggen ƙarfen da ita ta zaɓa da zobenta. Ta ja numfashi. Ta yi niyyar ta faɗi abin da zai bi shi har tsufansa. Mata suka zuba mata ido suna jira.

Ta gyara hijabinta, ta share hanci, ta ce:

"Lafiya lau. Da kun ga yadda yaron nan ya wuce motar haya da farko."